Da kuɗin wa Turawa suka mulke mu?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu. Wasu sun ce Turawan mulkin mallaka dukiyarmu suka kwashe suka gina Ingila da ita. Wasu kuma sun ce ai asara ma suka yi, tunda Arewa ba ta iya riƙe kanta ba sai da aka riƙa aiko mata da kuɗi daga Landan. Wanne ne gaskiya?"

Malam, kowane ɓangare a majalisar taku ya riƙe wani yanki na gaskiya, shi ya sa gardamar ba za ta mutu ba. Inda kuka yi kuskure shi ne kun ɗauki Ingila a matsayin aljihu ɗaya. Aljihu uku ne. Akwai baitulmalin gwamnati, wanda talakan Ingila ke zuba wa haraji. Akwai kamfanonin ciniki da na jiragen ruwa da na haƙar ma'adinai. Sannan akwai bankuna da kasuwar kuɗi ta Landan. Na farko ya ɗan fitar da kuɗi a shekarun farko, yana fitarwa yana ƙorafi. Sauran biyun karɓa suka yi. Shi kuwa mulkin kansa, wato albashin Razdan da Di'o da soja da ɗan sanda, har da fanshonsu bayan sun koma gida, daga gumin mutanen da ake mulka ya fito. Ni abin da na fi so ka kai wa majalisarku ke nan: an mulke mu ne da kuɗinmu, kuma dabarar da ta sa hakan ya yiwu ita ce ɗaure haraji da sabon kuɗi a igiya ɗaya.

Tun kafin su iso ƙasar Hausa, Turawan Ingila suna da ƙa'ida a kan ƙasashen da suka mallaka, cewa kowace ta ci da kanta. Faransa ma ta mayar da wannan doka a watan Afrilun 1900, ta ce kowace ƙasar mallaka ta biya kuɗin gudanar da mulkinta daga abin da take tarawa. Saboda haka duk gwamnan da aka turo, tambayar farko da ake yi masa daga gida ita ce yaushe zai daina roƙo.

Dubi yadda aka fara. Kafin 1900 kamfani ne ke riƙe da bakin kogin Kwara da Binuwai, wato kamfanin Neja (Royal Niger Company) na George Goldie, wanda aka ba takardar izini a 1886. Da gwamnati ta karɓe ikon, har Lugga, Baturen da aka fara ba mulkin Arewa, ya kafa tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900, an biya kamfanin diyyar fam 865,000. Ban da wannan, an yarje masa rabin duk kuɗin da gwamnati za ta karɓa a kan ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Ka lura, a lokacin Kano da Sakkwato ba su ma faɗi ba, sai a 1903. An yi rabon fata tun ba a kama dabbar ba. Kuzar Jos ta yi ta biyan wannan kaso shekara da shekaru, sai a 1950 gwamnatin Najeriya ta fanshi ragowar shekarun da fam miliyan 1.

Masu cewa an aiko wa Arewa da kuɗi ba su yi ƙarya ba. Daga 1900 zuwa haɗewar Kudu da Arewa a 1914, baitulmalin Ingila yana ba gwamnatin Arewa tallafin da ya kai kimanin fam 300,000 a shekara, Kudu ma tana ƙara wani abu. Amma a tambayi ina kuɗin ya tafi. Kaso mafi tsoka na soja ne, rundunar da ta ci Bida da Kwantagora da Yola da Kano da Sakkwato da Burmi, ta kuma ƙone Satiru a 1906. Wato kuɗin cin ƙasa ne, ba na raya ta ba. Dalilin da ya sa Arewa ta kasa kuwa ba lalaci ba ne. Gwamnatocin mallaka a Afirka ta Yamma da kuɗin kwastan suke rayuwa, kwastan kuma a bakin teku yake. Kayan da za a sha a Zariya ko Katsina, a Ikko ake karɓar kuɗin fitonsu, ya shiga asusun Kudu. Babban abin da ke cika wannan asusu a lokacin shi ne harajin barasar da ake shigowa da ita daga Holan da Jamus, ita kuwa an hana shigar da ita Arewa. Haɗewar 1914 da ake ta yi wa fassara iri-iri, tushenta lissafi ne: a haɗa asusun da ke da rara da wanda ke da giɓi, Landan ta zare hannunta. Haka kuwa aka yi, cikin 'yan shekaru tallafin ya ƙare.

To tunda babu teku, sai aka juyo kan mutane. Nan ne labarin ya fi shafar mu, bari in ɗan daɗe a kai.

Haraji ba Bature ne ya kawo shi ƙasar Hausa ba. Sarakuna suna karɓar zakka da kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin rafi da kuɗin karofi da kuɗin fito, ga gaisuwa. Lugga ya ce tunda ya ci ƙasa da yaƙi, haƙƙin karɓar haraji ya dawo hannunsa, shi ne zai yanka wa sarki rabonsa. Dokar 1906 ta dunƙule yawancin waɗannan kuɗaɗe suka zama haraji guda, aka bar jangali a gefe. Sarki ya tara ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa, ya miƙa rabi ga gwamnati, ya riƙe rabi. Aka kori jakadu daga tsakani, aka tilasta wa hakimai barin birni su koma zama a gundumominsu don su sa ido a kan tara kuɗi. A Kano har gonaki aka riƙa aunawa da taki, malaman taki suna bin gona gona suna ƙirga sawu suna rubutawa. Daga baya, bisa gwajin da wani jami'in Turawa mai suna Palmer ya fara a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka kafa Baitulmali a masarautu wajen 1911, rabon sarki ya daina zama nasa na kansa, aka yanka masa albashi shi da alƙali da dogari. Tun daga ranar sarki ya zama ma'aikaci. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan ɗan garin ba ya cin ko sisi daga aljihun Landan.

Abin da ya canza rayuwar talaka bai tsaya ga yawan harajin ba. Abin da ake biyan sa da shi ne ya canza. Kakanninmu da wuri suke ciniki. Kalmar "kuɗi" ma jam'in wuri ce, shi ya sa har yau mutum zai ce ba shi da ko wuri. Ana ƙirga shi da zambar, ana ɗura 20,000 a keso, kayan mutum ɗaya ke nan. Akwai kuma dalar azurfa ta Mariya Tariza da fatake da Larabawan sahara ke yawo da ita. Lokacin da matafiyin nan ɗan Jamus, Barth, ya zo Kano a 1851, dala ɗaya wuri 2,500 ce. Turawa suka hana shigo da wuri a 1904. Da farko sun karɓi haraji da wuri da hatsi da dabbobi don ba yadda za su yi, amma kowace shekara suna matsawa, har ya zama ba a karɓar komai sai sule da sisi da taro da kwabo. Don a samu ƙaramin canjin da zai maye gurbin wuri a kasuwa, aka buga anini mai huda a tsakiya, goma a kwabo. Harshenmu ya adana lissafin canjin: rabin kwabo ana ce masa ɗari, domin wuri 100 ne. Idan ka bi wannan lissafi, sule ɗaya wuri 2,400 ne, fam ɗaya kuwa 48,000, ya fi keso biyu. Jaka ma da muke faɗa, asalinta jakar tsabar kuɗi ce ta fam 100, shi ya sa da naira ta zo jaka ta zama naira 200.

Yanzu sa kanka a matsayin magidanci a wani ƙauye na ƙasar Kano ko Zazzau. Rumbunka cike yake da gero da dawa, matarka tana kaɗi, ƙaninka yana saƙa, ba ka bin kowa ba a bin ka. Kaka ta yi, mai unguwa ya aiko cewa malamin haraji ya sauka a gidan dagaci da littafinsa, dogari na zaune a ƙofa. Ba gero yake so ba, sule yake so, ya ba ka 'yar takarda. Sule kuwa ba ya tsirowa a gona. Hanyar samunsa uku ce: ka noma abin da kantin Bature ke saye, ko ka tafi ƙwadago wurin da ake biya da sule, layin dogo ko haƙar kuza ko cin rani, ko kuma ka kai hatsinka kasuwa a daidai lokacin da kowa ke kai nasa, farashi ya faɗi warwas, sannan da bazara ka dawo ka saye shi da tsada ko ka ci bashi. Ba wanda ya sa maka bindiga ya ce ka shuka gyaɗa. Takardar haraji ta isa. A Kenya da Rodeshiya gonar aka ƙwace. A nan dokar ƙasa ta 1910 ta bar manomi a gonarsa, har Lever mai sabulu ya nemi a ba shi manyan filaye a Afirka ta Yamma aka hana shi, sai a Kwango ta Beljiyam ya samu. An bar maka gonarka, aka riƙe kuɗin da za ka biya haraji da shi da kuma farashin abin da ka noma.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Shi ma ba kyauta ba ne, bashi aka ciwo a Landan da sunan Najeriya, ana biya da ruwa daga kuɗin shigar ƙasa. Abin dariya, don auduga aka yi shi. Masu masaƙun Lankasha ta Ingila sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, suna mafarkin Arewa za ta raba su da dogaro da audugar Amurka. Sai suka tarar masaƙan Kano da marinanta suna sayen auduga da farashin da ya fi nasu. Manomi ba wawa ba ne. Ya duba ya ga gyaɗa tana son jigawa, ana shuka ta tare da gero, in an rasa mai saye a ci ta ko a yi mai da ƙuliƙuli. Kamfanoni suka ba fataken goro na Kano jari, su kuma suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗin kafin alƙalami. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913, har tashar Kano ta rasa inda za ta sa buhuna. A shekarar ce kuma damina ta ƙi, aka shiga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta kashe mutane masu ɗimbin yawa daga ƙasar Kano har Damagaram. Fari ne ya kawo ta, ba gyaɗa ba, amma ta samu mutane da yawa sun riga sun sayar da abin da da sun ajiye, kuma littafin haraji bai san fari ba.

Ba zan ɓoye ba, an samu waɗanda suka yi arziki. Alhassan Ɗantata daga fataucin goro na Gwanja ya shigo harkar gyaɗa a 1918, ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja, kuma har yau ana ba da labarin raƙuma 20 na tsabar azurfa da ya kai banki a Kano a 1929. Manoma ma sun sayi keke da fitila da kwanon rufi, wasu sun je Makka da kuɗin gyaɗa. Sai dai a duba tsanin. Manomi a ƙasa, sama da shi ɗan baranda mai sikeli, sai babban dillali Bahaushe ko Kwara, wato ɗan Labanan ko Siriya, sai kantin Bature. Daga nan zuwa sama babu baƙar fata. Lever ya saye kamfanin Neja a 1920, a 1929 aka haɗe shi da babban abokin gasarsa aka samu UAC, wanda shi kaɗai ya riƙe kaso mafi girma na shigo da kaya da fitar da su. Ga John Holt da G.B. Ollivant da PZ, ga CFAO da SCOA na Faransawa. Sukan haɗa baki su tsayar da farashin da za su saya, su raba kasuwa a tsakaninsu. Irin wannan haɗin baki ne ya sa manoman koko na Gana suka ƙi sayar da amfaninsu daga ƙarshen 1937 zuwa 1938. Jirgin ruwan da zai ɗauki kayan na Elder Dempster ne. Bankin da ke riƙe kuɗin gwamnati, wato Bank of British West Africa da aka kafa a 1894, wanda ya zama First Bank na yau, shugaban Elder Dempster ɗin ne, Alfred Jones, ya kafa shi. Wannan banki da Barclays suna karɓar ajiyar 'yan ƙasa hannu bibbiyu, amma rance sai kamfanin Bature ko Kwara. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Akwai wata hukuma da ba a cika ambatonta ba, alhali a ganina ta fi gwamna tasiri. Ita ce hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, da aka kafa a 1912, mazauninta a Landan, tana buga kuɗin Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Kafin ita, sulen Ingila ake kawowa, kuma tunda azurfar da ke cikin sule ba ta kai darajar sule ba, ribar bugawa baitulmalin Ingila ke cinyewa. Da aka kafa hukumar, an riƙa ba ƙasashen huɗu wani kaso na ribar, wannan ci gaba ne. Amma ga sharaɗin: duk fam ɗaya da zai yi yawo a kasuwar Kurmi, sai an ajiye fam ɗaya na Ingila a Landan a madadinsa. Ma'ana, kafin kuɗi ya shigo hannunmu sai mun sayar da wani abu a waje, kuma abin da aka ajiye ɗin ana zuba shi ne a takardun bashin gwamnatin Ingila da na sauran ƙasashenta. Talakan da ya ƙulle sule goma a bakin zani ko ya binne a tukunya, bai sani ba ya ba Ingila rance. Haka rarar Baitulmalin En'e, ita ma Landan ake kai ta ajiya ta hannun Crown Agents, ofishin da ke kula da harkokin kuɗin ƙasashen mallaka.

Tsarin yana da kyau ɗaya da ba a musu: kuɗin ba ya lalacewa, ba wanda zai buga shi barkatai. Amma yana nufin idan farashin gyaɗa ya faɗi a Liverpool, kuɗi ya ƙafe a Gumel, kuma babu hukumar da ke da ikon yin wani abu. Kuɗin ma zuwa yake da kaka ya koma. Da lokacin ciniki ya yi, banki ya loda akwatunan tsaba a jirgi zuwa Kano, a raba wa masu saye, su shiga hannun manoma, kafin rani ya tsaya haraji da kantin atamfa sun mayar da yawancinsu inda suka fito. Mutanenmu kuma sun daɗe ba su yarda da takarda ba. Bayan yaƙin duniya na farko da tsaba ta yi ƙaranci, wanda aka biya da takarda sai ya canzar da ita da ragi, ga gara ga gobara. Sulen azurfa kuwa maƙera suna narkar da shi su yi mundaye, har a 1920 aka daina buga shi da azurfa.

Shekarun 1930 ne suka tona asirin tsarin. Kasuwannin duniya suka rushe, farashin gyaɗa a Kano bai kai rabin na shekarun baya ba. A ce harajin magidanci sule shida ne, misali nake bayarwa. Jiya buhu kaza ke biyan sa, yau sai ninki biyu ko fiye, alhali gonar ba ta ƙaru ba. An ɗan rage haraji a wasu wurare, amma ragin bai bi faɗuwar farashi ba, domin ruwan bashin layin dogo da fanshon Turawa da fam ake biyan su a Landan, ba sa jira. Abin da manomi ya yi shi ne ya ƙara noman gyaɗar da ba ta da daraja don ya cike giɓi. Wasu suka sayar da awaki, wasu suka tsallaka iyaka, Fulani suka yi ta ɓoye shanu daga masu ƙirgar jangali. A Kudu, inda ba a saba da harajin kai ba, tarzoma aka yi: Egba a 1918, matan Aba a 1929.

Idan kana neman lokacin da ɗibar dukiya ta fi fitowa fili, to daga 1939 ne zuwa tsakiyar shekarun 1950. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, ana cikin yaƙin duniya na biyu, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai aka juyo kan Jos. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebi mutane wajen 100,000 daga lardunan Arewa aikin tilas, abin da aka riƙa kira ɗiban gwamna. Sanyin tsauni da ƙarancin abinci da cuta sun kashe da yawa, gonaki kuma suka rasa masu noma a shekarun da ake fama da yunwa. A fagen amfanin gona, gwamnati ta karɓe sayen kaya gaba ɗaya da sunan yaƙi, ita ke yanka farashi. Bayan yaƙi ba a saki ba, sai aka mayar da abin hukumomin sayen amfanin gona: ta koko a 1947, ta gyaɗa da ta auduga da ta manja a 1949. Hujjar da aka bayar mai daɗin ji ce, wai a riƙe wani abu a shekarar tsada don a tallafa wa manomi a shekarar faɗuwa. Amma shekarun duk na tsada ne, duniya na yunwar mai. Ya zuwa 1954 hukumomin huɗu sun tara rarar da ta kusa fam miliyan 120. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya lissafa cewa tsakanin 1947 da 1954, in aka haɗa abin da hukuma ta riƙe da harajin fitarwa, manomin gyaɗa ya rasa kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ya kamata ya shiga hannunsa. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta, kowace mai buhu wajen 15,000, ta taru ne saboda jirgin ƙasa ya gaza kwashewa, babu isassun tarago da kawuna.

Ina rarar ta tafi? Yawancinta Landan, a takardun bashin gwamnati. Ingila ta fito daga yaƙi da bashi har wuya, ba ta da dalar Amurka. Kokon Gana da Najeriya da robar Malaya suna samo dala, dalar ta shiga asusun bai ɗaya a Landan, a rubuta wa mai kaya fam a littafi, fam ɗin da ba zai iya sayen abin da yake so da shi ba saboda an taƙaita shigo da kaya. A farkon shekarun 1950 irin wannan ajiya ta ƙasashen mallaka ta haura fam miliyan 1,000. A 1949 kuma aka karya darajar fam daga dala 4.03 zuwa 2.80, ajiyar ta zube daraja tana kwance. Sai ka kwatanta da abin da aka bayar. Dokar raya ƙasashen mallaka ta 1945, wadda aka yi ta yi wa shela, fam miliyan 120 ta ware na shekara goma, ga dukkan ƙasashen mallakar Ingila a duniya. Daidai da abin da aka tatsa daga manoman Najeriya kaɗai cikin shekara bakwai. Rabon Najeriya a ciki fam miliyan 23 ne. Idan wani a majalisarku ya kawo maganar asibitoci da makarantu da famfunan da aka gina a ƙarshen zamanin Turawa, gaskiya ne an gina, sai ka nuna masa waɗannan alƙaluma biyu ya ɗora su a sikeli.

Game da ko da dukiyarmu aka gina Ingila, a nan zan ɗan taka wa ɓangaren farko birki. Ingila ta riga ta yi juyin masana'antunta shekara ɗari kafin Lugga ya ga ganuwar Kano. In ana neman dukiyar waje da ta shiga ginin, sai a koma cinikin bayi da gonakin rake na Karibiyan da audugar da bayi suka noma a Amurka, da kuma Indiya, wadda ita ce saniyar tatsa ta gaske, har ɗan siyasarta Dadabhai Naoroji ya shafe rayuwarsa yana lissafa abin da ke tsiyayewa daga cikinta kowace shekara. A ma'aunin tattalin arzikin Ingila, Arewacin Najeriya ƙaramin abu ne. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Lance Davis da Robert Huttenback, sun bi littattafan ɗaruruwan kamfanoni suka fitar da sakamako a 1986 cewa daga wajen 1880 jarin da aka zuba a daular bai fi wanda aka zuba a gida riba ba, kuma talakan Ingila ne ya ɗauki nauyin sojan ruwa da ke tsare ta, manyan masu hannun jari na Landan suka kwashi romon. Na yarda da su a kan wannan. Amma lissafinsu ya tsaya a 1912, kuma yana amsa tambayar Bature ne, wato ko shi ya ci riba. Abin da yake ƙarami a littafin Landan, a rumbun mutumin Ɗanbatta shi ne bambancin ƙoshi da yunwa. Kuma asarar da ta fi girma ba ta shiga kowane littafi: shekara sittin ana tara haraji, amma aka bar Arewa da 'yan makarantun sakandare da ba su taka kara sun karya ba, kuma masaƙar zamani ta farko a Kaduna sai a 1957 ta fara aiki, a ƙasar da tufafinta ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus tun kafin zuwan Bature.

'Yan'uwanmu na Nijar sun sha irin wannan, nasu ma ya fi ɗaci, don ƙasar ba ta da abin sayarwa da yawa kuma Faransa ba ta sassauta lanho, wato harajinta. Ga aikin tilas da ba a soke ba sai 1946. Mutanen Maraɗi da Damagaram da yawa a Najeriya suke neman kuɗin biyan harajin Faransa, gyaɗarsu ma ta layin dogon Kano take fita. A yunwar 1931 da ta yi wa yammacin ƙasar kaca-kaca an ci gaba da neman haraji a wurin mutanen da fara ta cinye wa gonaki. Kuɗin sefa da aka ƙirƙira a Disambar 1945 ɗan'uwan hukumar kuɗinmu ne, ajiya a Faris, daraja a ɗaure da ta faran. Bambancin shi ne mu mun fita, Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959, naira ta zo a 1973, su kuwa har yanzu sefa na ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 a yuro ɗaya, kuma sai a ƙarshen 2019 aka sanar da janye sharaɗin ajiye rabin kuɗin waje a baitulmalin Faransa.

Wani abu da ya kamata majalisarku ta tauna shi ne abin da ya faru da injin bayan mai shi ya tafi. A 1954 aka raba hukumomin sayen amfanin gona ga jihohi uku na lokacin, rarar ta dawo gida, gwamnatin Sardauna ta yi ayyuka da ita, jam'iyyun da ke mulki a kowane yanki su ma suka sami abin yin siyasa. Manomi dai farashin da aka yanka masa yake karɓa, sai dai mai yankan ya canza. Haraji da jangali suka ci gaba ta hannun hakimi da dagaci yadda Lugga ya tsara, kuma a kansu ne jam'iyyar adawa ta NEPU ta gina yawancin gwagwarmayarta tun 1950. An soke su a Kano da Kaduna a Oktoban 1979, da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka hau mulki. Hukumomin sayen amfanin gona kuwa sun kai har 1986 kafin gwamnatin Babangida ta rushe su, lokacin dalar gyaɗa ta daɗe da ɓacewa daga Kano.